Allurar da Ba a Kwantar Ba

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi, Masanin abin da ƙiraza suke ɓoyewa. Tsira da aminci su tabbata ga shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwana masu bin labarina, na ga saƙonninku. Da yawanku cewa kuke in yi haƙuri, in tuna ni 'yar malami ce. Allah Ya saka muku da alheri. Ban manta 'yar wanda nake ba, tunawar ce ma ta hana ni sakat. Ku ji abin da ya faru tukuna, sannan ku ɗora ni a kan ma'auni.

Saboda wanda yau ne farkon shigowarsa, bari in taƙaita. Mahaifina, Allah Ya haskaka kabarinsa, da safe malami ne mai karantarwa, da yamma mai gyaran na'ura. Tun zamanin da kwamfuta take baƙuwa a ofisoshi ya koyi gyaranta, da aka fara zubar da tsofaffin kuma ya riƙa bi yana tsintowa. Ɗakin bayan gidanmu cike yake da su, jere a kan kantoci, kowace da ƙyallen da aka lulluɓe ta. A nan na girma, tsakanin warin dalma da ƙugin fanka. Ni kaɗai a cikin 'ya'yansa na zauna na koya, tun ina miƙa masa sukundireba har na kai ina liƙa masa wayoyin da idonsa ya daina gani.

A cikinsu akwai wadda yake kira Dattijuwa. Jikinta ya rine ya koma ruwan ɗorawa saboda shekaru. A kusurwarta ta dama akwai tabon ƙuna, inda ya taɓa ajiye ƙarfen liƙi da mantuwa ya tafi salla. Madannanta sun goge daidai wuraren da yatsunsa suka fi zama. Ba ta san hoto ba, ba ta san kiɗa ba. Baƙin allo ne da koren rubutu, sai ka rubuta mata umarni da ladabi sannan ta amsa maka. A faifan ajiyar da ke cikinta darussan da ya buga da hannunsa suke, da 'yan wasannin da ya haɗa don koya mini haruffa. Idan an kunna ta, kafin komai, layi ɗaya take fitarwa: Sallama gare ki, Uwata, kin wanke hannu? Da aka raba abin da ya bari, 'yan'uwana da yardarsu suka bar mini ɗakin da abin da ke ciki. Na daɗe ina so in kwafe abin da ke faifan, amma ɗan bel ɗin da ke juya filofinta, wato inda ake zura ƙaramin faifan kwafa, ya tsinke, ina ta cigiyar irinsa.

Shi kuma wanda ya shigo rayuwata, Injiniya ake ce masa, ko da yake har yau ban ji inda ya karanta injiniyancin ba. Yana da shago inda yake sayar wa masu hali tsofaffin kwamfutoci su ƙawata ofis, yana kuma ɗaukar bidiyonsu yana yaɗawa. Ganin kayan Baba ne ya fara kawo shi gidanmu, daga baya ya ce ni ya gani. Mutum ne mai iya gaisuwa. Yakan durƙusa wa Umma har ƙasa, ya san ranar da maganinta yake ƙarewa. Baffa, ƙanen mahaifina kuma waliyyina, cewa yake samun irinsa a wannan zamani sai an tona. Ni dai na roƙi a ba ni lokaci in yi istihara, aka ba ni, amma kullum ana leƙowa a ga ko na gama.

Ana cikin haka yayata ta kwanta rashin lafiya a garin da take aure, na tafi jinyarta. Ranar da na dawo, da ƙurar hanya a abayata, jakata a kafaɗa, na tarar da falonmu an share an fesa turare, an fito da kofunan da ba a taɓawa sai da manyan baƙi. Baffa na kan doguwar kujera da carbinsa. Gwaggo, yayar Baba, tana gefe tana kallon kowa ta saman tabarau. Umma ta sa sabon mayafinta mai ruwan toka. A kan teburin tsakiya akwai wani abu da aka rufe da jan yadi mai sheƙi, Injiniya na tsaye a kansa cikin farar riga da ta sha guga, wayarsa a ɗage tana ɗauka.

Ya ce in rufe ido. Ban rufe ba. Ya yaye yadin.

Da farko ban gane ta ba, kuma wannan ne abin da ya fi yi mini ciwo har yanzu. Fara ce fat. Ya jiƙa jikinta a sinadari ya shanya a rana har launin shekarunta ya fita. Ya goge tabon ƙunar, ya cike gurbin, ya shafe. Ya cire madannan da yatsun Baba suka cinye ya sa sababbi. Ya danna wani abu a bayanta, sai allon ya kawo furanni masu launi suna buɗewa, da wani siririn kiɗa.

Umma ta ce masha Allah, kamar yau aka fito da ita daga kwali. Baffa ya gyaɗa kai. Ni kuwa na matsa na sa hannu biyu na ɗaga ta. Dattijuwar da sai mun kama ni da Baba muke iya gusar da ita, ta taso a hannuna sakayau.

Na ce, "Ina cikinta?"

Ya yi dariya yana kallon wayarsa, ya bayyana wa masu kallo cewa ya kwashe tsohon tarkacen ya sa wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, yanzu har bidiyo tana nunawa. Na maimaita tambayar. Ya ce allunan ciki duk sun tsufa, masu sayen ƙarfe sun kwashe.

"Faifan fa?"

"Wannan yana wurina, ranki ya daɗe."

Ban yi kuka a gabansu ba. Na gaishe da Baffa yadda ya kamata, na ce na gaji da hanya, na shige. Ina cire mayafi saƙonsa ya shigo: Na ga kamar ba ki ji daɗi ba. Kada ki damu, faifan Malam yana nan lafiya lau. Ranar da kika ba Baffa amsar da muke jira, da hannuna zan kawo miki shi. A ƙarshe ya jera jajayen zukata.

Ku karanta saƙon nan da kyau, 'yan'uwa, ku gaya mini sunansa. Ni dai a abin da aka karantar da ni, wanda ya riƙe maka abinka ya ce sai ka ba shi wani abu sannan zai sake shi, ba mai kyauta ba ne.

Washegari na sami Umma a kicin tana goge kofunan jiya. Na tambaye ta cikin lallashi yadda aka fitar da na'urar daga ɗaki. Ta ce ai yaron nan akwai ladabi, ko kunna ta bai yi ba, cewa ya yi ba zai leƙa sirrin Malam ba. Zare wayoyin kawai ya yi, ya rungume ta, ya sa a bayan motarsa. Na ce ta wace hanya ya bi. Ta ce wace hanya kuma gare mu in ba wannan mai ramukan ba.

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bari in fahimtar da ku. Faifan irin waɗannan na'urori na farko yana da wata 'yar allura da take shawagi a kansa tana karatu. Idan an kashe na'urar, allurar sauka take ta zauna a daidai inda take, a kan rubutun. Muddin na'urar tana zaune a teburinta, babu abin da zai faru. Amma duk wanda zai gusar da ita, ko daga wannan kusurwa zuwa waccan ne, wajibi ne ya kunna ta tukuna, ya rubuta mata umarnin da zai janye allurar ya kwantar da ita a gefe, inda babu rubutu, sannan ya kashe ya ɗauka. Na'urorin baya da kansu suke yin wannan, shi ya sa 'yan yanzu ba su san da shi ba. Baba ba ya bari a matsar da Dattijuwa ko don shara sai an kwantar da allura. Mutumin da yake kiran kansa masanin tsofaffin na'urori a gaban dubban masu kallo ya ɗauke ta da allurarta a kan rubutun mahaifina, ya bi da ita ta kan ramuka.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba. Wani faifan yakan tsira.

Na je wurin Baffa da maganar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce yaron da kyakkyawar niyya ya yi, kuma mahaifiyata ce ta ba shi izini. Na ce, cikin ladabi, na'urar rabona ce, Umma ba ta da ikon bayar da abin da ba nata ba, kuma shi Baffa da bakinsa ya karantar da mu cewa wanda ya ɓata kayan wani ramuwa ta hau kansa, da gangan ne ko da kuskure. Ya ja carbinsa. Sai ya ce ilimi ba a ba mace shi don ta yi wa manyanta gardama ba, kuma mutane sun fara magana, shekaruna suna tafiya, ƙarfe kuwa ƙarfe ne. Umma daga bakin ƙofa ta ƙara da cewa wanda ya ɓata lokacinsa ya wanke tsohon akwati saboda ke, me kuma kike nema a wurin namiji.

Sai na nufi wurin Gwaggo. Da na roƙe ta ta raka ni shagonsa, sai ta ɗauki jakarta ta ce dama tana son ganin inda Mai Kyamara yake wanke tsofaffi, ko ita ma a jiƙa ta a shanya.

Na sa baƙar abaya marar ado da farin hijabi, ban shafa komai a fuskata ba. Shagon gilashi ne tun daga ƙasa har sama, da shuɗin fitilu a ƙarƙashin kantoci. Na'urori jere, kowace fara tas, babu wadda za ka kalla ka ce wani ya taɓa zama a gabanta ya yi aiki. A tsakiya akwai wata fitila mai kamar zobe da yake ɗaukar bidiyo a gabanta. Ya tarbe mu da fara'a, ya kawo wa Gwaggo kujera da ruwan sanyi, yana ta kiranta Hajiya. Ta ce masa ba ta je ba tukuna, amma in zai biya ba ta ƙi ba.

Na ce faifan na zo gani. Ba karɓa ba, gani kawai, in ji motsinsa hankalina ya kwanta.

Ya ce ai yana nan, me zai same shi. Na ce to a kunna. Gwaggo ta ce a kunna mana, ita ma ta ji muryar ƙanenta. Babu yadda zai yi. Ya jawo wani aljihun tebur, ya ciro shi daga cikin tarin wayoyin caji, ko tsumma bai naɗe shi da shi ba. A jikinsa ga 'yar takardar da Baba ya manna da rubutun hannunsa. Ya haɗa shi da wata tsohuwar na'ura da ke bayan kanta. Kafin ya kunna, sai na ga ya miƙa hannu ya ƙara ƙarfin fankar shagon, ya kuma ɗauko wani dogon labari game da wani baƙo da ya zo daga nesa don ganin kayansa.

Ya danna.

Lafiyayyen faifai idan ya tashi, wani siririn ƙugi yake yi yana hawa a hankali har ya daidaita, sannan ka ji 'yan ƙananan taku kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Da wannan sautin na girma, ko a cikin kasuwa zan gane shi. Abin da na ji a shagon nan ƙara ce ta ƙarfe yana cin ƙarfe, sannan ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ya kashe da sauri. "Kin ji ko? Da ransa."

Gwaggo ta ce, "Wannan kuma ai kamar ana kankare gindin tukunya."

Ya yi dariya ya ce haka tsofaffin suke yi, Hajiya.

Ni ba fuskarsa nake kallo ba, hannunsa nake kallo. Yatsansa yana kan makunnin tun kafin ƙarar ta fara, a shirye yake ya kashe. Wanda bai san abin da zai ji ba, ba ya ƙara fanka, ba ya ajiye yatsa a kan makunni. Ya riga ya gwada shi shi kaɗai, ya ji abin da na ji, ya san ya kashe shi. Bayan ya sani ne ya zauna ya rubuto mini cewa yana nan lafiya lau, ya jera mini zukata. Gawa ya riƙe yana ciniki da ita, aurena ne kuma farashin.

Da kuskuren ne kaɗai, wallahi da na yi kukana na bar shi da Allah, don jahilci ba a kansa aka fara ba. Amma a wannan tsayuwar na ji wani abu ya sauka a ƙirjina, mai sanyi, mai nauyi, ya zauna daram. Sai na yi masa murmushi, irin wanda bai taɓa samu daga gare ni ba.

Na ce, "Na ji. Ga abin da nake so. Ranar da za ku zo wurin Baffa da manyanka, ka zo da shi. Ka kunna shi a falonmu a gaban kowa, ya tashi, a ga aikin hannunka. Ni kuma a nan take zan ba da amsata, kowa ya ji."

Ya ce ai ba sai an wahalar da manya da kallon na'ura ba.

Na ce, "Kai da kake nuna wa duniya, manyanka ne ba za su gani ba? Ka zo da kyamarar ma."

Gwaggo ta tafa hannu ta ce wannan shawara ta yi, ita za ta gaya wa Baffa da kanta yau ɗin nan. Ya ce to, in sha Allahu. Na ce in sha Allahu.

Ku lura, ban ce masa amsar wace iri ce ba. Ban yi ƙarya ba, kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan yi ba har a gama.

A hanya Gwaggo ta yi ta kallona ta saman tabarau. Can ta ce, "Ke, na san murmushin nan. Irin na ubanki ne idan ɗalibi ya ce ya yi bita alhali bai yi ba." Sai ta kama hannuna ta riƙe har gida.

Na yi sallar la'asar a ɗakin Baba. A kan teburinsa akwai wani fili mai kusurwa huɗu da ƙura ba ta taɓa ba, inda na'urar ta zauna tun kafin a haife ni. A nan na kifa kaina na yi kukan da na hana kaina a falo da shago. Darussansa sun tafi. Wasannin da ya haɗa mini sun tafi. Babu wani mai gyara a bayan ƙasa da zai mayar da rubutun da allura ta kankare.

Na san abin da za ku ce, don ni ma na karanta. An halatta wa wanda aka zalunta ya rama daidai da abin da aka yi masa, an kuma ce yafewa ta fi. Na yarda ta fi. Ina roƙon Allah Ya kai ni wannan matsayi. Amma yafewa tana zuwa ne bayan gaskiya ta fito, ni kuwa a gidanmu har yanzu shi ne mai kirki, ni ce mai taurin kai. Ba dukiyarsa nake so ba, ba lafiyarsa ba. So nake abin da ya yi a ɓoye ya tsaya da ƙafarsa a tsakiyar falon nan, a gaban Baffa da Umma da waɗanda suka haife shi.

Ina share fuska wayata ta yi motsi.

Akwai wani zaure a waya na masu tara tsofaffin na'urori, mutane daga wurare daban-daban, ana tambaya ana amsawa. Ina ciki da sunan Mai Dalma, da wani layi nawa na daban, babu hoto. Saboda yadda nake rubutu, da irin abubuwan da nake amsawa, duk sun ɗauka wani tsoho ne, ni kuma ban taɓa cewa eh ko a'a ba. Saƙon ta can ya biyo, a keɓe, daga lambar Injiniya da na haddace.

Salamu alaikum Baba Mai Dalma. An ce in ba a wurinka ba, ba za a sami irin wannan ba. Ina neman mai rai, wanda ba za a bambance shi da wannan ba, cikin gaggawa. Don Allah a rufa mini asiri.

A ƙasa ya sa hoton faifan, da takardar Baba a jikinsa.

Na gane lissafinsa. Zai ɓamɓare takardar ya manna a wani faifan, ya zuba masa tsohuwar manhaja, koren rubutu ya fito a falo. Baffa da Umma ba za su bambance ba. In na ce ba shi ba ne, a ce ga ta nan, ta fara.

Na ɗaga kai na dubi kantar da ke sama. Ɗan'uwan faifan yana can cikin kwalinsa, naɗe da auduga, wanda Baba ya ajiye saboda ɓacin rana. Lafiyayye ne, babu komai a cikinsa.

Na yi bisimilla, na rubuta: Wa alaikumus salam. Akwai. Amma ba na ba mutum irin wannan sai na ji abin da ya sami na farkon, yadda aka ɗauke shi, da ranar da ka gane ya mutu, don kada a kashe mini na biyu. Kada ka rubuta. Ka turo da muryarka, ka faɗi komai.

Saƙon ya shiga, alamar karantawa ta fito. Ya fara rubutu ya tsaya, ya sake farawa ya tsaya. Daga tsakar gida Umma tana kirana in zo in ji, Gwaggo ta gaya wa Baffa, ya yi murna ƙwarai, ya ce a gayyato har manyan ɗaliban Malam su shaida.

Na ce mata ina zuwa. A saman allon wayar rubutun ya canza, ya nuna yana ɗaukar murya. Na ajiye ta a kan teburin, a tsakiyar filin nan da ƙura ba ta taɓa ba, na gyara zama, na bar shi ya yi magana.